Ayabar Dala Miliyan Shida da Sunayen Yara Dubu Biyar

Filin Amsa Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗo, sai ka ce an haɗa baki. Na tsamo uku daga ciki. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri, za su tsinci amsarsu a cikin ta farko.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ba ni da ilimin zane, amma ina bin wannan fili. Na ga labarin wata ayaba da aka manna a bango da salatif, aka sayar da ita miliyoyin daloli, wai fasahar zamani ke nan. Da farko dariya abin ya ba ni, daga baya kuma takaici. Na taɓa karanta inda ka ce masu zane kan girgiza masu mulki, su farkar da jama'a. To ina girgizar take a yau? Ko dai abin ya koma wasan masu kuɗi?
Daga wata malamar firamare

AMSA: Malama, barka kadai. Dariyarki da takaicinki duk suna kan hanya. Ni ma na yi su, sai dai nawa takaicin ya fi naki daɗewa, don sana'ar da na tsufa a cikinta ake yi wa dariya.

Ayabar ta wani ɗan Italiya ce, Maurizio Cattelan. A watan Disamban 2019 ya manna ta a bango a babban bajekolin Art Basel na birnin Miami, aka saye ta dala 120,000. Ana cikin bajekolin wani mai zane ya zo ya ɓare ta ya cinye a gaban jama'a, masu wurin suka ɗauko wata suka manna, aka ci gaba da harka. Ba su yi asarar komai ba, domin abin da mai saye ke biya wa kuɗi takardar shaida ce da bayanin yadda za a manna ayabar, in ta ruɓe a sauya wata. A Nuwamban 2024 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da ita a New York kan dala miliyan 6.2. Wanda ya saya, Justin Sun, ɗan kasuwar kuɗin intanet ne, kuma bayan 'yan kwanaki ya tara 'yan jarida a Hong Kong shi ma ya cinye tasa. Wanda ya sayar da ainihin ayabar a bakin titi kuwa, abin da ya shiga hannunsa bai kai dala ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan barkwanci yana da kaka. A 1917 wasu masu zane a New York suka shirya bajekoli, suka yi shelar cewa ba alƙali, duk wanda ya biya dala shida za a nuna aikinsa. Marcel Duchamp, Bafaranshe, yana cikin shugabannin ƙungiyar. Sai ya sayo tasar fitsari irin ta banɗakin maza, ya kwantar da ita, ya sa mata hannu da sunan ƙarya, ya aika. Aka ƙi nuna ta, shi kuma ya ajiye muƙaminsa. A wancan lokacin tambayar da tasar ta yi tana da haƙora: wa ke da ikon cewa wannan fasaha ce, wancan ba fasaha ba? Ku da kuka ce ba alƙali, ga shi kun yi hukunci. Amma Malama, ke da kike koyar da yara kin sani, almarar da ta sa aji dariya ranar Litinin ba ta sa shi dariya ranar Alhamis. Wannan kuwa an fi shekara ɗari ana maimaita ta.

Abin da ya faru a tsakani shi ne kasuwa ta koyi haɗiye zagi, har ma ta koyi sayar da shi. Dubi Banksy, mai zanen bangon nan na Ingila da ke ɓoye fuskarsa. A Oktoban 2018 aka yi gwanjon zanensa na yarinya da balambalam a Landan. Ana buga guduma a kan fam miliyan ɗaya da 'yan kai, sai wani inji da ya ɓoye a cikin firam ya fara yayyanka zanen, ya tsaya a rabi. Nufinsa ya kunyata masu saye. Matar da ta saya ta ce tana so a haka. Bayan shekara uku aka sake sayar da yagaggen zanen fam miliyan 18.6. Ya kai mari, aka kama hannun aka sumbata, aka kuma sa masa farashi.

Kada ki ɗauka ina magana ne daga kan tudu. Ina saurayi na yi wata huɗu a kan wani babban zane na mata sun yi layi da jarkoki a gaban famfon da ba ruwa. A raina na ce duk mai hali da ya ga wannan ba zai iya barci ba. Ranar buɗe bajekoli wani attajiri ya tsaya a gabansa ya daɗe, zuciyata na bugawa. Da ya juyo sai ya ce ruwan ɗorawar jarkokin zai dace da labulen falonsa, nawa ne? Na faɗi kuɗi, bai taya ba ya biya. Na karɓa kuwa, don ana bina kuɗin haya. Har yau in na tuna sai in ji kunya da dariya lokaci guda.

To a gidan gwanjo, gaskiyarki, girgiza ta mutu. Sai dai ba a nan ake auna ta ba. Ni ma'aunina shi ne in duba wanda abin ya dama, da abin da ya yi don a kawar da shi daga gabansa.

Ranar 26 ga Afrilun 1937 jiragen Jamus da na Italiya, masu taya Janar Franco yaƙin basasar Sifaniya, suka yi wa garin Guernica ruwan bama-bamai a ranar da kasuwarsa ke ci. Cikin 'yan makonni Picasso, shahararren mai zane ɗan Sifaniya, ya yi zanensa mai sunan garin, tsawonsa ya kusa mita takwas, ba launi sai baƙi da fari da toka. Sau ɗaya na taɓa tsayawa a gabansa a Madrid. Na daɗe da sanin dokin da ke haniniyar mutuwa da matar da ke rungume da gawar ɗanta daga littattafai, amma littafi ba ya gaya maka girman bakin matar. Akwai wani saƙaƙƙen kwafin zanen da ke rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, daidai inda jakadu ke tsayawa su yi wa 'yan jarida magana. Ranar 5 ga Fabrairun 2003, da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka, ya je kare shirin auka wa Iraƙi, kwafin na rufe da shuɗin labule. Jami'an majalisar sun ce don kyamarorin talabijin su sami bango mai kyau ne. Mai yiwuwa. Ni dai na san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zanen yana da shekara 66 a lokacin, mai shi ya yi shekara talatin a kabari.

In kin ce wannan tsohon zance ne, ga na zamaninmu. A watan Mayun 2008 girgizar ƙasa ta afka wa lardin Sichuan na ƙasar Sin, ta kashe kusan mutum dubu saba'in. Makarantu da yawa sun rufta a kan yara, alhali wasu gine-ginen da ke kusa da su suna tsaye, iyaye kuma suka ce an ci kuɗin gini ne. Hukuma ba ta fitar da sunayen yaran ba. Ai Weiwei, wanda a lokacin yana cikin shahararrun masu fasaha na ƙasar, ya tara masu sa kai suka bi gida gida suna tambaya: yaya sunan yaron, shekararsa nawa, wace makaranta? Suka tattara sunaye fiye da dubu biyar, yana wallafa su a shafinsa na intanet har aka rufe shafin. A 2009 ya lulluɓe fuskar wani gidan bajekoli a Munich da jakunkunan makaranta dubu tara masu launi, aka jera su suka ba da jimla ɗaya da rubutun Sinanci, maganar wata uwa ce a kan 'yarta: ta yi shekara bakwai a duniyar nan cikin farin ciki. Ya kuma kwaso tanƙwararrun rodin gine-ginen da suka rushe, tan 150, ya sa aka miƙe su ɗaya bayan ɗaya da guduma, ya shimfiɗa su a ƙasa kamar sababbi.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A Agustan 2009 'yan sanda suka dake shi a ka a wani otal a Chengdu, bayan wata guda likitoci a Munich suka yi masa tiyata saboda jini da ya taru a ƙwaƙwalwarsa. A 2011 aka tsare shi kwana 81, aka riƙe fasfonsa har 2015.

Ko Sasha Skochilenko, wata mai zane ta Rasha. A Maris na 2022 ta shiga wani kanti a St. Petersburg, ta cire takardun farashi guda biyar ta sa nata masu kama da su, ɗauke da bayani a kan yaƙin Yukren. Takardu biyar, kowace ba ta kai tafin hannu ba. Kotu ta yanke mata shekara bakwai a Nuwamban 2023, sai musayar fursunoni ta Agustan 2024 ce ta fito da ita. Gwamnati mai makaman nukiliya ba ta ɓata lokacinta a kan abin da ta tabbatar ba ya cizo.

Ki lura da abin da ya raba waɗannan da ayaba, har ma da zanena na jarkoki. Nawa cewa ya yi talaka na shan wuya, wanda kowa ya yarda da shi, har wanda ya jawo wuyar yana iya rataye shi a falo. Na Ai Weiwei cewa ya yi yarinya wance, 'yar shekara bakwai, a makaranta kaza, rana kaza. Da zarar an ambaci suna da wuri da rana, dole a tambayi wanda ya ba da kwangila da wanda ya sa hannu. Wannan ba ya shiga da labulen kowa.

Kada kuma in yi miki daɗin baki. Zanen Picasso bai hana Franco mulki har mutuwarsa a 1975 ba, labulen nan kuma bai hana a shiga Iraƙi bayan mako shida ba. Jakunkunan Munich ba su dawo da yaro ko ɗaya ba. Abin da suka yi kaɗan ne, sun hana a ce ba a yi ba. Ni a wurina kaɗan ɗin nan ya isa a ci gaba da saye da wanke buroshi.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibin zane ne a shekarar ƙarshe. Ina so aikina ya amfani mutane, kada ya ƙare a bangon ofis. Abokaina sun ce in ba ka yi abin da zai tayar da ƙura ba, ba wanda zai san da kai. Ni kuma ba na son rashin kunya. Yaya zan yi?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ɗana, abokanka sun gaya maka yadda ake yin suna, kai kuma yadda ake yin amfani ka tambaya. Wani lokaci hanyoyin biyu kan haɗu, sau da yawa ba sa haɗuwa.

Akwai wani Baƙar fatar Amurka, Rick Lowe, da ya fara kamar yadda kake so ka fara, yana manyan zane-zane a kan zaluncin 'yan sanda da talauci. Wata rana ɗaliban sakandare suka ziyarci ɗakin aikinsa a Houston, ɗaya daga ciki ya ce masa, a taƙaice, mu da ke unguwar mun riga mun san matsalolin nan, in kai mai basira ne me ya sa ba za ka ƙirƙiro mafita ba? Maganar yaro ta tsaya masa a rai. A 1993 shi da wasu masu zane shida suka karɓi tsofaffin gidaje 22 da aka yi watsi da su a wata unguwar Baƙar fata ta birnin, suka gyara. Wasu suka zama wuraren nuna zane, wasu aka ba 'yan mata masu goyo da ba su da mataimaki su zauna su yi karatu. Wurin yana nan yana aiki fiye da shekara talatin. Akwai masu cewa wannan aikin jin ƙai ne aka sa wa rigar fasaha, kuma ba na cewa ba su da hujja ko kaɗan. Amma ban taɓa jin matan da suka zauna a gidajen sun damu da sunan da za a kira shi ba.

In kuwa faɗa ne a jininka, to ka koyi inda ake saiti daga Nan Goldin. Mai ɗaukar hoto ce. Likita ya rubuta mata ƙwayar rage raɗaɗi ta OxyContin bayan tiyata, ta kamu da jarabarta har ta kusa mutuwa. Da ta farfaɗo sai ta gano cewa iyalin Sackler, masu kamfanin Purdue Pharma da ke yin ƙwayar, su ne sunansu ke manne a bangon manyan gidajen tarihi na duniya saboda kyautar kuɗi da suke bayarwa, gidajen da ke ajiye da hotunanta ita kanta. Ta kafa ƙungiya a 2017. A Maris na 2018 suka shiga gidan tarihi na Metropolitan a New York, a sashen da ke ɗauke da sunan iyalin, suka watsa robobin magani a cikin tafkin da ke wurin, suka kwanta a ƙasa kamar gawarwaki. A Fabrairun 2019 suka yi ruwan takardun likita na bogi daga saman benen gidan tarihi na Guggenheim, shi ma a New York. Sannan ta yi abin da ya fi duka tsada a gare ta: ta gaya wa gidan hotuna na National Portrait Gallery a Landan cewa in ya karɓi fam miliyan ɗaya na iyalin, ba za ta yarda a yi bajekolin aikinta a can ba. Kuɗin bai shiga ba. Louvre na Faris ya cire sunan a 2019, Metropolitan ya cire a ƙarshen 2021. Ba ita kaɗai ta yi ba, 'yan jarida da lauyoyi da iyayen matattu sun yi nasu. Amma ita ta san inda ke yi wa masu kuɗin ciwo, wato sunan da suka saya a bango, kuma nan ta dosa.

Rashin kunyar da kake gudu kuwa, ba dole ba ce. Wani Bajamushe, Gunter Demnig, tun shekarun 1990 yake binne 'yan duwatsu masu fuskar tagulla a daɓen titi, kowane santimita goma faɗi da tsawo, a ƙofar gidan ƙarshe da wani wanda 'yan Nazi suka kama ya zauna. Abin da ke jiki kawai: a nan wane ya zauna, shekarar haihuwa, ranar da aka tafi da shi, inda ya ƙare. A 2023 adadinsu ya kai 100,000 a ƙasashen Turai. Ba zagi, ba tsiraici, ba ihu. Duk da haka majalisar birnin Munich ta hana a sa su a titunan hukuma, saboda wasu daga cikin Yahudawan birnin suna ganin wulaƙanci ne a riƙa taka sunan mamaci da takalmi, wasu kuma suna ganin sai ka sunkuya kafin ka karanta, sunkuyawar ita ce girmamawa. Muhawara ce ta gaske tsakanin mutanen da abin ya shafa, kuma ɗan dutse ne ya tayar da ita.

Don haka kafin ka sayi fenti, zauna ka rubuta abu ɗaya da ka sani da idonka, wanda za ka iya faɗin wanda ya same shi da ranar da ya faru. Ka je wurin mutanen, ka nemi izininsu, ka koma sau goma. Ka kuma yi wa kanka lissafin abin da za ka iya ɗauka in ƙura ta tashi, don ba kowa ke da fasfo da abokai a ƙasashen waje kamar Ai Weiwei ba, kuma ba zan zuga ɗan wani ya shiga abin da ni ban shiga ba. Sannan ka iya zanen kansa. Kyakkyawar niyya ba ta gyara karkataccen hannu, na ga ɗalibai da yawa suna fakewa a bayan saƙo don ba su son zaman koyon zana yatsu.

TAMBAYA: Malam, matasan nan da suka watsa miya a zanen Van Gogh saboda sauyin yanayi, su ma fasaha suka yi ko ɓarna?
Daga wani mai karatu

AMSA: Zanga-zanga suka yi, su ma ba su kira abin fasaha ba. Ranar 14 ga Oktoban 2022 'yan mata biyu na ƙungiyar Just Stop Oil suka watsa miyar tumatir ta gwangwani a kan zanen furannin Van Gogh a National Gallery ta Landan, suka manne hannuwansu a bango da gam. Akwai gilashi a gaban zanen, firam ɗin ne kawai ya ɗan taɓu, kuma a ranar aka mayar da shi wurinsa. Ba su ne farau ba. A 1914, a wannan gidan dai, Mary Richardson ta sassari wani zanen Velázquez da wuƙar mahauta saboda kama jagorar masu neman wa mata 'yancin zaɓe, ita kuwa sai da ta fasa gilashin da ke gabansa ta kai ga zanen.

Hukuncin da aka yanke wa 'yan matan a Satumban 2024, ɗaya shekara biyu ɗaya wata ashirin, ya yi mini tsauri a kan firam. Amma saitinsu bai gamsar da ni ba. Nan Goldin ta kwanta ne a ƙarƙashin sunan waɗanda take tuhuma. Van Gogh kuwa ya mutu a 1890 cikin talauci, bai taɓa haƙar rijiyar mai ba, shi ya sa duniya ta kwana tana zancen miya da gilashi, zancen man fetur ya bi ruwa. A ranar da aka yanke musu hukuncin, bayan 'yan sa'o'i, wasu uku suka sake shiga gidan da miya suka watsa wa zanen furannin. Ni da nake bin irin waɗannan labarai don aikina ne, sai bayan mako guda na ji.